Filin Tambaya da Amsa: Bindiga da Harsashin Farautar Ɓaunar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu takardar izinin farautar ɓaunar Amurka, wadda ake kira bison. Bindigata .30-06 ce, amma abokaina sun nace in sayi .375 H&H. Tawa ba za ta isa ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta isa, matuƙar ka zaɓi harsashin da ya dace. Ƙosasshen bijimin bison yana kai kilo 900, ga gashi mai kauri, ga fata mai tauri, ga ƙashin kafaɗa. Abin da kake bukata shi ne harsashin da zai ratsa duk waɗannan ya isa huhu bai tarwatse a hanya ba. A .30-06 ɗauki mai nauyin giren 180 zuwa 220, wato kusan giram 12 zuwa 14, irin Nosler Partition ko Swift A-Frame, ko Barnes TSX wanda zallar jan ƙarfe ne. Harsashi mara nauyi mai siririyar riga, wanda aka yi don ƙananan barewa, yakan fashe a kan ƙashi ya bar faffaɗan rauni mara zurfi. Dabbar ta gudu tana wahala, wannan kuwa zalunci ne.

.375 H&H, wadda ta fito a 1912, ba a raina ta da harsashin giren 300. Sai dai dukanta a kafaɗa ya kusan ninka na .30-06. Wanda bai saba ba sai ya fara runtse ido yana fizgar kunama kafin bindiga ta tashi, kuma shi kansa bai san yana yi ba. Ka sa wani ya loda maka ba ka kallo, wani lokaci ya bar ta babu harsashi. Idan bakin bindigar ya nutsa ƙasa da ka ja kunama, to ta fi ƙarfinka. Mai son ƙari a kan .30-06 ya duba .338 Winchester Magnum da giren 250.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin saiti. Tozon bison yana ruɗar ido, sai maharbi ya ɗauka tsakiyar jiki ne ƙirji, harsashi ya wuce ta saman huhu. Zuciyarsa tana can ƙasa. Jira ya ba ka gefe, ka bi bayan ƙafar gaba da ido zuwa kashi ɗaya cikin uku na jiki daga ƙasa, nan za ka harba. Ka sake lodawa nan take, domin yakan tsaya cak ko da harbin ya yi kyau. Ka lura da sauran garken, sukan kewaye wanda ya faɗi.

Kafin komai ka karanta dokar jihar da ta ba ka izini, don kowace da mafi ƙarancin harsashin da ta yarda da shi. Cikin gandun dajin Yellowstone na Amurka kuwa ba a farauta sam.

Tambaya: Tsohuwar bindiga .45-70 fa, tana da sauran amfani?

Amsa: Ƙwarai. Tun 1873 take aiki, harsashinta na giren 405 yana shiga da zurfi. Amma a hankali yake tafiya, yana saurin sunkuyawa, don haka kada ka wuce mita 150.

Tambaya: Wane madubin saiti zan ɗora?

Amsa: Mai ƙaramin kusantowa, ninki 2 zuwa 7 ya wadatar, tunda dabbar babba ce. Ya kasance akwai tazarar santimita 9 ko 10 tsakaninsa da idonka, in ba haka ba, zai tsaga maka gira. Daidaita shi a mita 100 da ainihin harsashin da za ka fita da shi, kuma ka sake duba kusoshinsa bayan doguwar tafiya a mota.