Amsar tambayarka kan tsallaken wutar mutanen Iran

Wa'alaikumus salam ɗana, ya karatu, ya su Hajiya. Na ga bidiyon da ka turo na samarin Iran suna tsallake wuta a kan titi, da tambayarka wai har yanzu bautar wuta suke yi alhali suna cewa su musulmi ne. A'a ba bauta bace, kuma don Allah kar ka riƙa saurin kafirta mutane akan abinda baka san tushensa ba. Suna yin wannan ne a daren Larabar ƙarshe ta shekararsu, kafin Nauruz wato sabuwar shekararsu da ke kamawa 20 ko 21 ga Maris, mai tsallakewa yana ce ma wutar ta ɗauke masa launin ruwan ɗorawa na ciwo ta bashi jan launinta na lafiya.

Amma girmama wuta kam yanada tushe a ƙasar. Kafin musulunci addinin Farisa, wato Iran ta da, shine na Zaradashtu, mabiyansa su muke kira Majusawa, Alƙur'ani ma ya ambace su a Suratul Hajji aya ta 17. Wutar Farisa da kake ji a waƙoƙin Maulidi ance ta mutu daren haihuwar Annabi (SAW) ai tasu ce, Salmanul Farisi kuwa mai kula da wutar Majusawa ne a garinsu wajen Isfahan kafin ya fita neman gaskiya. Su in ka tambaye su zasu ce maka Ahura Mazda suke bauta ma, wuta fuskantarta kawai suke yi wajen addu'a, har limaminsu yana rufe baki da ƙyalle don kar numfashinsa ya ɓata ta. To kaga wanda yake haka da wuta ba zai maida tsallake ta ibada ba, shi yasa nake ganin tsallaken al'adar gari ce kawai.

Abinda nafi so ka gane shine tambayar da ta dami masanansu ɗaruruwan shekaru, in Ubangiji nagari ne to daga ina sharri ya fito, ciwo da fari da mutuwar jariri da zalunci. Zaradashtu a waƙoƙinsa da ke cikin littafinsu Abesta yace ruhi biyu ne tun farko, ɗaya ya zaɓi gaskiya ɗaya ya zaɓi ƙarya, wanda daga baya suke kira Ahriman, kuma kowane mutum sai ya zaɓi ɓangare da tunaninsa da maganarsa da aikinsa, bayan mutuwa kuma akwai gada da zata yi faɗi ga nagari ta ƙuntata ga mugu. Wallahi ina jinjina ma wannan, mutanen da suka ɗauki ƙarya a matsayin babbar ƙazanta tun zamanin nan ba abin rainawa bane, duk da dai mu mun san ba mai iko biyu, alheri da sharri duk a ƙarƙashin ƙaddarar Allah ɗaya suke.

Akan wannan tambayar suka rarrabu. Wasu suka ga abu biyu sai da asali ɗaya, suka ce Zurwan wato zamani mara iyaka shi ya haifi tagwayen. Sai wani mai suna Mani da aka haifa a shekarar 216 miladiyya ya zo yace duniyar nan kanta haske ne da duhu ya kama ya kulle a cikin jiki, saboda haka manyan mabiyansa basa aure basa cin nama, limaman Majusawa basu yarda ba, a kurkukun sarki Bahram na ɗaya ya mutu, amma addininsa sai da ya kai Sin da Afirka ta Arewa. Mazdak kuma a zamanin sarki Kubaz yace hassada da faɗa duk daga tara dukiya suke, a buɗe rumbunan masu hali a raba ma talaka, har sarkin ya mara masa baya, daga baya ɗan sarkin, Kisra Anushirwan, ya karkashe shi da mabiyansa. Yawancin labarin Mazdak daga bakin maƙiyansa ya iso mana, kar ka haɗiye duk abinda aka jingina masa.

Daular Sasaniyawa mai mulkin Farisa ta faɗi a hannun musulmi a 651 miladiyya, amma ba a tilasta ma Majusawa su musulunta rana ɗaya ba, jizya aka karɓa daga garesu bayan Abdurrahman bin Auf ya shaida ma Sayyidina Umar cewa Annabi ya karɓa daga Majusawan Hajar. Har yau akwai su a Yazd da Kirman, wasu kuma suka yi hijira Indiya, iyalan Tata masu motocin nan daga cikinsu suke.

Game da ko ya halatta musulmi ya tsallaka, malaman Iran ɗin kansu da yawa suna hanawa, ga kuma ƙuna da ake samu duk shekara saboda abin fashewa da yara ke jefawa. Ni ba zan so ka yi ba. Ka gaida mutan gida.