Wane irin ƙarfe ne a cikin tauraro?

Wani malamin makaranta daga Agege ya aiko da tambaya: "Na karanta cewa gungun taurarin da ke da ƙarancin ƙarfe ya fi fitar da hasken eksire. Ƙarfen maƙera ake nufi? Yaya zan faɗa wa ɗalibaina?"

Malam, kada ka ce musu ƙarfe. A kunnen Bahaushe, ƙarfe shi ne wanda maƙeri ke zurawa a wuta, ya yi ja, ya buga da masaba. Masana taurari kuwa, duk sinadarin da ya fi haidurojin da hiliyam (sinadarai biyu mafi rashin nauyi) nauyi ƙarfe suke ce masa, har oksijin da muke shaƙa. Ni na fi son "sinadarai masu nauyi". A jikin rana ba su kai kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba. A cikin taurari ake dafa su, in tauraro ya mutu ya watsar. A gungun taurari, wato tarin miliyoyi ko biliyoyin taurari da ake kira galaxy, yawanci da yawan oksijin ake auna su, a kwatanta da na haidurojin.

Eksire shi ne hasken da ake hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda Bajamushe Röntgen ya gano a 1895. Na sama ba ya iso mana, iskar duniya na tare shi. Shi ya sa aka harba Chandra, madubin hangen nesa mai ganin eksire, zuwa sararin samaniya a 1999.

Ka ba su karin maganar nan: ƙarfe ɗaya ba ya amo. Akan faɗe ta don nuna cewa abu sai da biyu, kuma ta dace a nan. Manyan taurari biyu na zagaya juna. Ɗaya ya mutu ya zama baƙin rami ko tauraron niyutiron, wato ragowar tauraro da ta dunƙule mai tsananin ƙarfin jan abu, ya riƙa zuƙar gas daga ɗan'uwansa. Gas ɗin na yin zafin miliyoyin digiri, sai ya fitar da eksire. Irin waɗannan ƙattin ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru ne, saboda haka inda eksirensu ya yi yawa, ana kan haihuwar taurari.

To, ina ruwan sinadaran? Su hasken tauraro ke turawa, har gas ya riƙa kwarara daga jikinsa kamar iska. In sun yi ƙaranci iskar na rauni, tauraro ya mutu da nauyinsa, ramin ya fi girma, su biyun kuma ba sa nisa da juna sosai, shi ya sa eksiren ya fi yawa.

Sai dai ka ja musu kunne: ƙaton baƙin ramin da ke tsakiyar gungu shi ma yana fitar da eksire, in ba a ware nasa ba lissafi ya ɓaci.