Maganin Ne Ya Warkar Da Ni, Ko Dace Aka Yi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Mabera, Sakkwato. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro na warke, sai tunani ya hana ni sakat: da me zan tabbatar maganin ne ya yi aiki, ba dace aka yi ba? Kuma ta yaya tunani, da ba a taɓa shi, yake ɗaga hannuna? Ina tsoron kokwanton nan ya taɓa imanina.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, manyan malamai sun riga ka shiga wannan kogin. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa. Ido yana ganin harshen wuta ya lashi auduga, ta yi baƙi, ta zama toka. Abin da ya gani ke nan, ɗaya na bin ɗaya. Bai ga wani tilas a tsakaninsu ba. Duk wanda ya karanta aƙidar Sanusi a zaurukan garin nan ya san wannan da sunan hukuncin al'ada: abu biyu da aka saba gani tare, amma suna iya saɓawa, domin Mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne. Ibnu Rushdi na Andalus ya mayar da martani cewa wanda ya musanta sababi ya rushe ilimi. A ƙarni na 18 masanin falsafa David Hume na Sikotlan ya sake tayar da irin wannan kokwanto.

A ganina, tambayarka ta magani tana da ƙarfi, domin warkewar mutum ɗaya ba hujja ba ce. Jiki kan murmure da kansa. Shi ya sa likitoci suka koma gwaji da ƙuri'a. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin streptomycin a Ingila: an raba masu tarin fuka gida biyu bisa ƙuri'a, wasu magani da hutu, wasu hutu kaɗai, kuma mutuwa ta fi ƙaranci a cikin masu shan maganin. Idan rabon bai bi son ran kowa ba, kuma bambanci ya yi ta maimaituwa, dace ba ya iya ɗaukar nauyinsa.

Batun tunani da jiki ya fi wuya. A 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta yi wa Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, tambayarka sak, amsarsa ba ta gamsar da ita ba, kuma masana na muhawara har yau. Amma alaƙar kanta a fili take. Ka ji mummunan labari, gabanka ya faɗi, gumi ya keto maka, alhali babu abin da ya taɓa ka sai magana. A ɗakin tiyata kuma allurar barci ce ke shiga jijiya, cikin ƙasa da minti guda sani ya ɗauke gaba ɗaya.