Ƙurar dutsen famis tana taɓa huhu kuwa?

Tambaya: Malam dan Allah na daɗe ina aiki a mahaƙar famis, dutsen nan mara nauyi da ake goge kaushi da shi. Yanzu tari ya ƙi barina, ko ɗan tudu na hau sai numfashi ya dinga sama-sama. Ogammu ya ce ai toka ce ta ƙasa ba guba ba, mu dinga shan madara tana wanke ƙirji. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Hankalinka ya tashi da gaskiya, ka je asibiti a yi maka hoton ƙirji da gwajin majina tun wuri, don ƙurar silika, wato ma'adinin da ke cikin yashi da irin wannan dutse, tana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Ka san yadda famis yake samuwa, narkakken dutse mai silika da yawa, kusan kashi 70 cikin 100, ya fito da ƙarfi iskar cikinsa ta kumbura shi kamar kumfar lemon kwalba, ya daskare nan take ya zama gilashi mai ramuka. Mafi yawansa gilashi ne, amma a cikinsa da tokar da ke kewaye da shi akan samu ƙwayoyin wasu ma'adinai, kwaz da feldsifa, wani wurin har kiristobalait, kuma kwaz da kiristobalait, waɗanda nau'o'in silika ne, su ne masu kawo silikosis, wato ciwon tabon huhu. A tsibirin Lipari na Italiya ma'aikatan famis sun sha wani ciwon huhu mai kama da wannan har aka sa masa sunan tsibirin. A Kapadokiya ta Turkiyya kuma wani ma'adini mai zare, erionait, da ke cikin dutsen toka ya hallaka mutanen ƙauyen Karain da kansar rufin huhu.

Toh batun madara, wallahi na gaji da jin sa. Madara ta maƙoshi take bi ta sauka ciki, ƙura kuma ta hanyar iska take bi ta shige can ƙarshen huhu, ina suka haɗu da za ta wanke ta? Ƙurar da ke kashe mutum ma ba wadda kake gani fari fat a gira da gashin hanci ba ce, wannan hanci ya tare ta, mai illar kuwa girmanta bai kai maikiron 5 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ido ba ya ganinta, in ta zauna huhu ya yi mata tabo kuma tabon nan ba ya gogewa, ko ka bar aikin yana iya ci gaba. Oga ya san gwangwanin madara ya fi tankin ruwan jiƙa dutse araha shi ya sa, kuma ku ma kuna karɓa kuna godiya, ku ɗaura tsumma a hanci ku ce kun yi kariya.

A jiƙa dutsen kafin a yanka ko a niƙa, a daina share ƙurar a bushe, a ba ku takunkumi na gaske irin N95 wanda ya kama fuska, a kai samfurin dutsen mahaƙar ɗakin gwaji a ga nawa ne kwaz a ciki. In ka je wurin likita ka faɗa masa aikin da kake yi da shekarun da ka yi a kai, kar ka ce tari kawai.