Dalilin da ya sa na cire waƙoƙi bakwai daga shirin daren Lahadi

Ɗana, tun jiya na ga saƙonka, na bari sai da na samu natsuwa, domin tambayar ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce ka shiga intanet ka ɗauko waƙoƙi goma da suke kan gaba a gidajen rediyon kantiri, wato kiɗan karkara na Amurka, ka jera su saboda shirinmu, ni kuma na zo na cire bakwai na bar uku. Kake cewa, ashe ba duka kantiri ba ne? Masu abin da kansu suka ɗora su a sama, mu a su wa da za mu ce ba su yi ba? In kuma akwai na asali da na gauraye, da me ake ganewa?

Na ji daɗin tambayar. Yaron da ba ya tambaya shi nake tsoron bar wa makirufo.

Gobe da sassafe, kafin masu labarai su iso, ka shiga situdiyo ka sa duk wata waƙar Don Williams, tsohon mawaƙin kantiri, ta shekarun 1970, ka zuba wa allurar mitar auna ƙarfin sauti ido. Za ka ga tana hawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci. In ya sassauta murya ta kwanta, in jita ta amsa ta ɗan ɗaga, tsakanin baiti da baiti ma har takan kusa tsayawa. Daga nan ka sa ta farko a jerinka. Allurar za ta tashi ta maƙale a sama tun daga daƙiƙar farko, ta yi ta karkarwa wuri ɗaya har waƙar ta ƙare. An matse sautin ne da na'ura, aka jawo mai rauni ya kamo mai ƙarfi, don waƙar ta fi ta gabanta amo a cikin mota ko a waya. Mu ma mukan yi matsin nan daidai gwargwado kafin sauti ya fita iska, ba laifi ba ne. Amma in ya yi yawa, waƙa ba ta samun wurin numfashi, alhali kantiri mutum ne zaune yana ba ka labari, kuma mai ba da labari dole ya ja numfashi.

Bayan allura sai kunne. Ka sa abin sauraro, ka rufe ido, ka nemi wanda yake amsa wa mawaƙin. A tsohon salo, duk lokacin da ya kai ƙarshen ɗango akwai mai karɓe masa, ko dai goge irin nasu, ko kuma jitar kwance. Wannan jitar ita ce zuciyar abin, kuma ina so ka nemi bidiyon mai kaɗa ta ka kalla. Zaune yake a gabanta kamar tela a kan keken ɗinki, ƙafafunsa suna taka feda, gwiwoyinsa suna ture wasu 'yan ƙarafa a ƙarƙashi, hannun hagu riƙe da wani sulɓaɓɓen ƙarfe yana zamewa a kan tsirkiya. Shi ya sa sautinta ba ya tsalle daga hawa zuwa hawa, lanƙwasawa yake yi, kamar muryar da kuka ya ci ƙarfinta. Mawaƙi ya faɗi abin da ya same shi, ita kuma ta faɗi abin da bakinsa ya kasa. A cikin bakwai ɗin da na cire babu mai amshi. Gangar kwamfuta ce da ƙyasta yatsu suke maimaita kansu daga farko har ƙarshe, sai a ɗan yayyafa banjo a sama kamar yadda ake barbaɗa yaji, don a ce ga shaida. Malafa tana nan, dogon takalmi yana nan, ana ta ambaton mota a-kori-kura da hanyar birji da daren Juma'a. To, kama da wane ba ta wane.

Banjon nan ma ka daina yi masa kallon baƙo. Asalinsa ƙwarya ce da fata da sanda, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka haɗa shi a can bisa irin abin da suka baro a gida. Ɗan'uwan gurmi ne da molo. Duk sanda na ji an mayar da shi ado kawai sai in ji ba daɗi.

Na uku shi ne labari, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake raina. Ina sabon shiga, maigidana ya bar mini shirin ni kaɗai wani dare. Lokacin talla ya yi, waƙa kuwa saura baiti ɗaya, sai na ja sautin ƙasa a hankali na sa tallar, ina ganin na yi aiki mai tsafta. Ba a yi minti biyu ba wayar situdiyo ta yi ƙara. Wani dattijo ne, ya ce shi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, yaro, ka san abin da ka yanke? A baitin nan na ƙarshe ne ake gane cewa matar da mutumin yake ta yi wa magana ta riga ta rasu. Ya ce tasa matar shekara biyu ke nan da rasuwa, kuma baitin yake jira. Na rasa abin cewa sai haƙuri. Tun daga ranar ban ƙara sa waƙar da ban saurara har ƙarshenta ba. Tsohuwar kantiri ginin tatsuniya gare ta, baiti na uku yakan juya na farko. Wani gwanin marubucin waƙoƙinsu, Harlan Howard, ya ce kantiri ba komai ba ce illa danni uku a wuyan jita da kuma gaskiya. Da yawa daga na yanzu kuwa, ko ka yanke a tsakiya ko a ƙarshe babu abin da ya ɓata, don amshin ne kawai ake so ya maƙale maka a ka.

Sai dai kada ka ɗauka ina nufin duk tsoho na asali ne, duk sabo gauraye. Da na gaya maka haka da na cuce ka. Faɗan nan ya girme ka, ya ma kusa girme ni.

Abin ya fara shiga faifai sosai ne a 1927, a garin Bristol da ke kan iyakar Tennessee da Virginia, inda Ralph Peer ya naɗi Jimmie Rodgers da iyalan Carter. Waƙar manoma ce da masu haƙar kwal da 'yan coci. Hank Williams ya kai ta ƙololuwa, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana ɗan shekara 29. Ba a jima ba Elvis Presley ya ɓullo da kiɗan rok, samari suka juya wa kantiri baya, kasuwar kantiri ta faɗi. Sai manyan masu haɗa faifai biyu a Nashville, birnin da yake cibiyar kantiri, Chet Atkins da Owen Bradley, suka yi dabara. Suka janye gogen ƙauye da jitar kwance, suka shigo da fiyano mai laushi da gungun 'yan amshi da tarin goge irin na manyan ɗakunan kiɗa, don mutumin birni ya saya. Ka san wanda ya fi kowa cin moriyar wannan salo? Jim Reeves. Shi dai Jim Reeves da iyayenmu suke ajiye faifansa kusa da garmaho, wanda masu kiran waya suke ce mini shi ne kantiri na gaskiya. A zamaninsa shi ne gaurayen. Mutanen Bakersfield ta Kalifoniya, su Buck Owens da Merle Haggard, suka bi tasu hanyar da jita mai kaifin sauti, daga baya Willie Nelson da Waylon Jennings suka bijire wa tsarin Nashville gaba ɗaya.

A 1974 aka ba Olivia Newton-John, wadda ta tashi a Ostireliya tana waƙar pop, kambun gwarzuwar mawaƙiyar kantiri, har tsofaffin hannu suka taru a gidan George Jones da Tammy Wynette suka kafa ƙungiyar ƙin amincewa. Shekara na zagayowa, a wajen bikin ba da kambun, mawaƙi Charlie Rich ya buɗe takardar da ke ɗauke da sunan gwarzon shekara, ya ga sunan John Denver, wanda ake wa kallon mawaƙin pop, ya zaro ƙyastu ya cinna mata wuta a gaban jama'a. Kenny Rogers da ake so a ƙasar nan kamar me, ɗaya daga manyan waƙoƙinsa ta 1980 Lionel Richie, mawaƙin pop, ne ya rubuta masa, wadda suka yi da Dolly Parton a 1983 kuwa 'yan Bee Gees, su ma mawaƙan pop, ne suka rubuta. Da abin ya yi zaƙi da yawa, George Strait da Ricky Skaggs da Randy Travis suka dawo da goge da jitar kwance a shekarun 1980, mutane kuma suka saya. Sai Shania Twain ta zo a 1997 da faifan da mijinta na lokacin, wanda ya saba haɗa wa mawaƙan rok faifai, ya tsara. Suka fitar da shi kala biyu, na Amurka da kayan kiɗan kantiri, na ƙasashen waje an rage su. Haka abin yake ta kai da komo, kamar yadda mu ma muke musu tsakanin kalangun Shata da waƙar fiyano.

Yanzu maganar da ka yi cewa masu abin ne suka ɗora su a sama. Wa ya ɗora? Kafin 1996, dokar Amurka ba ta yarda kamfani ɗaya ya mallaki fiye da gidajen rediyo 40 ba. A shekarar aka cire wannan iyaka, cikin 'yan shekaru kamfani ɗaya ya tara fiye da dubu. Mai gabatarwa irina da irinka, wanda zai saurari faifai ya ce wannan ta dace da mutanen garina, sai aka karɓe zaɓin daga hannunsa. Jerin waƙoƙi yana zuwa ne daga ofis mai nisa. Akan ɗan sa wa mutane guntun amshi na 'yan daƙiƙu a tambaye su ko sun so, abin da ake nema kuma shi ne waƙar da ba za ta sa a canza tasha kafin talla ba. Ka gaya mini, waƙar da sai baiti na uku take bayyana kanta, yaya za ta ci wannan jarrabawa? Har wani mai ba gidajen rediyo shawara ya fito a 2015 ya ce a rage sa waƙoƙin mata, wai maza ne latas, mata tumatir ne a cikin salak. Irin wannan lissafi ne yake haifar da jerin da ka ɗauko. Jerin yana gaya maka abin da mai talla ya aminta da shi ne.

Su ma mawaƙan ba su yi shiru ba. A bikin kyaututtukan kantiri na 1999 aka ce wa George Jones, dattijon da kowa ya yarda babu kamar muryarsa, ya taƙaita waƙarsa. Ya ƙi zuwa. Alan Jackson yana tsakiyar tasa waƙar sai ya tsaya, ya kama ta dattijon, jama'a suka miƙe tsaye. Duk sanda na tuna wannan sai in ji girman mutumin ya ƙaru a idona. A Nuwamban 2015 kuma, Chris Stapleton, wanda rediyo ba ta damu da shi ba, ya kwashe kyaututtuka uku a dare ɗaya, faifansa ya haye saman na kowa a Amurka. Ka lura, wanda ya tsaya gefensa suka yi waƙa a daren mawaƙin pop ne, Justin Timberlake, kuma abin ya yi kyau ƙwarai. Masu shirya kyautar Grammy ma a 2025 sun raba kambun faifan kantiri gida biyu, na gargajiya da na zamani, don sun ga ba za su zauna inuwa ɗaya ba.

Ukun da na bari duka sababbi ne, har da gangar kwamfuta a ɗaya. Na bar su ne saboda a kowacce na ji mutum yana magana da mutum, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai abin da ya faru tsakanin farkon waƙar da ƙarshenta. Masu sauraronmu na daren Lahadi tsofaffin malamai ne da 'yan fansho da direbobin dogon zango. Wasu ba kowace kalmar Turanci suke kamawa ba, amma suna jin in mutum yana kewar mahaifiyarsa ko yana roƙon gafara. Abin da ya sa Don Williams ya shiga ransu ke nan, har da ya rasu a Satumban 2017 wayar situdiyo ba ta huta ba. Bakwai ɗin nan ba na ƙin su, wasu ma za su yi daɗi a shirin matasa na yammacin Juma'a, ka kai wa mai shirin. Ƙarfe goma na dare ne ba lokacinsu ba.

Ga aikinka kafin Asabar. Ka ɗauki littafinka, ka saurari goman nan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kada ka tsallake ko daƙiƙa. A gaban kowacce ka rubuta wa yake amsa wa mawaƙin, da abin da ya faru a labarin cikin jimla ɗaya ta Hausa, da mintin da baitin ƙarshe ya fara. Wadda ka kasa rubuta labarinta ka ja mata layi. Sannan ka nemo sababbi biyu da kanka, waɗanda ba sa cikin jerin, don akwai matasa da yawa da suke yin tsohon salo rediyonsu ba ta sa su. Ka zo da littafin bayan la'asar mu zauna mu duba tare. In ka kawo hujjar da ta gamsar da ni a kan ɗaya daga cikin bakwai ɗin, zan mayar da ita, kuma kai ne za ka gabatar da ita da bakinka ranar Lahadi. Ka dai tuna, in jitar kwance ce ta buɗe waƙa, ba a magana a kanta, sai ta gama.

Ka gaishe da mutanen gida.