Furen rawaya na bakin hanya: yadda ake gane Coreopsis da yadda ake shuka shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune ne a Amurka, kuma duk lokacin bazara ina ganin wani fure mai launin rawaya a bakin manyan hanyoyi. An ce mini sunansa Coreopsis. Ta yaya zan tabbatar shi ne, kuma zai yi a bayan gidana inda ƙasar yashi ce? Ina kuma son in kai irinsa gida Najeriya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Furen da kike gani zai iya kasancewa Coreopsis lanceolata, wanda asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ne, kuma dangin furen rana ne, wato Asteraceae. Jihar Florida ta ayyana Coreopsis a matsayin furen dajinta na hukuma a shekarar 1991, kuma ana shuka shi da gangan a gefen hanyoyi. Sai dai launi kaɗai ba ya isa shaida, domin furanni masu rawaya a wannan dangi suna da yawan gaske.

Ki fara duba ganyen. Dogo ne siriri mai tsini, yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma yawancinsa yana taruwa ne a ƙasan kara, ta yadda furen ke tsayawa shi kaɗai a kan dogon siririn kara. Tsayin tsiron yakan kai santimita 30 zuwa 60. Furen yana da ganyayyaki masu rawaya galibi guda 8, bakin kowanne a tsattsage yake kamar haƙora, tsakiyarsa ma rawaya ce. Idan kika ga tsakiyar ja ce mai duhu, ganyen kuma a yayyanke siri-siri, to wannan ɗan'uwansa ne, Coreopsis tinctoria, wanda ke yin shekara ɗaya ya mutu kuma ake yin rini da furensa.

Alamar da na fi dogara da ita tana ƙarƙashin furen. Ki juya shi, za ki ga ƙananan ganye layi biyu suna tallafe da shi: na waje kore ne sirara a buɗe, na ciki kuwa sun fi faɗi da laushi, suna manne da furen. Sannan ki jira iri ya nuna. Ƙwayar baƙa ce, mai faɗi, ta ɗan lanƙwashe, tana kama da kaska, kuma ba ta maƙalewa a tufa. Wadda ke maƙalewa a zani kamar ƙarangiya irin Bidens ce, ciyawar da ke cikin dangi ɗaya da shi, kuma mutane da dama suna rikita su.

Game da shuka kuwa, yashin bayan gidanki shi ne ainihin abin da wannan fure yake so. Mafi yawan waɗanda ya lalace a hannunsu, yawan kulawa ne ya jawo: taki mai yawa yana sa ganye ya yi yawa, fure ya ragu, kara ya kwanta, ƙasa mai riƙe ruwa kuma tana ruɓar da gindinsa. Ki zaɓi wurin da rana ke dukansa aƙalla awa 6 a yini. Ki yayyafa irin a saman ƙasa ki danna shi da tafin hannu, kada ki binne, domin yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Shukar ƙarshen kaka ta fi sauƙi, tunda sanyin hunturu na taimaka wa irin ya farka, amma ana iya shukawa a farkon bazara. Ki bar tazarar kamar santimita 30 zuwa 45 tsakanin tsirrai, ki riƙa ba su ruwa har su kafu, daga nan sai lokacin fari mai tsanani.

Kada ki damu idan shekarar farko ganye kawai kika gani, don sau da yawa sai a shekara ta biyu yake cika fure. Cire furannin da suka bushe yana ƙara masa kwanakin fure, ko da yake ni nakan so a bar na ƙarshe saboda tsuntsaye suna cin irin. Duk bayan shekara 2 ko 3 ki tono gindin ki raba shi ki sake dasawa, in ba haka ba yakan raunana.

Batun kai iri gida kuwa, ba na ba ki shawarar haka. An kai wannan fure Japan don ado, ya bazu a bakin koguna ya danne tsirran ƙasar, har a shekarar 2006 aka haramta shuka shi da sayar da shi. Najeriya ma ta ga irin wannan da Tithonia diversifolia, furen Meziko da ya mamaye bakin hanyoyi da gonaki a kudu maso yamma. Shigar da iri Najeriya yana buƙatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi, wato NAQS, don haka ki nemi izininsu kafin ki sa ko ƙwaya ɗaya a jakarki.