Tambayi likita: me ya sa ake rina naman bakin mahaifa kafin a fara magani?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Mabera, Sakkwato: Likita, an yanki ɗan nama daga bakin mahaifar mahaifiyata, sakamako ya fito, amma an ce sai an ƙara wani gwajin rini kafin a fara magani. Na farkon bai wadatar ba ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Naman da aka yanka ana jiƙa shi a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, sannan a rina shi da rini biyu, hematoksilin da iyosin, domin likitan ɗakin gwaji ya ga siffar ƙwayoyin halitta ta madubin ƙara girma. Sau da yawa wannan ya isa a tabbatar da sankara. Sai dai sankarar bakin mahaifa ba iri ɗaya ba ce: mafi yawanta tana tasowa daga shimfiɗaɗɗun ƙwayoyin da suka lulluɓe bakin mahaifa ta waje, saura kuma daga ƙwayoyin da ke fitar da ruwa mai yauƙi a cikin mashigar. Idan ciwon ya hargitsa siffar ƙwayoyin har ido ya kasa bambancewa, sai a koma ga wani rini na daban, wanda sinadarinsa ke kama furotin guda ɗaya tak, ya bar launin ƙasa-ƙasa a inda ya same shi. Idan furotin mai suna p40 ko p63 ya kama, ciwon na shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi ne. Idan kuwa na masu yauƙi ne, akwai wata tambaya mai nauyi, wato ko daga bakin mahaifa ya fara ko daga cikin mahaifar ya gangaro, kuma a nan rinin furotin p16 da na alamar sinadarin istirojin da na furotin bimentin suke taimakawa. Tiyatar waɗannan biyun ta bambanta, haka ma tsarin gasa ciwon da na'ura da kuma magani, shi ya sa nake ganin kuɗin wannan gwaji bai tafi a banza ba, duk da na san yadda yake yi wa iyali nauyi.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Tambuwal: Takardata ta nuna p16 ya kama. Shi ke nan ina da ciwon daji?

Amsa: Malama, ba lallai ba ne. Furotin p16 yana yawaita ne idan ƙwayar cutar HPV mai haɗari, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ta lalata abin da ke taka wa ƙwayar halitta birki wajen hayayyafa, don haka yana kamawa a sankara, yana kuma kamawa a sauyin ƙwayoyi da ke zuwa shekaru kafin ta, wanda ake iya cirewa ko ƙonawa a warke. Layin da ke faɗin sunan ciwon a takardar shi ne hukunci, ki kai wa likitan mata ya karanta miki, kada ki jinkirta. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya take raba wannan sankara gida biyu, mai alaƙa da HPV da marar alaƙa da ita, kuma ta farkon ta fi karɓar magani. Nau'in HPV na 16 da na 18 ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Ƙwayar HPV tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba alama, saboda haka kada wannan takarda ta jawo zargi tsakaninki da maigida. Tun da kina tare da ɗalibai mata, ki tunatar da iyayensu cewa daga Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta.

Tambaya daga wani magidanci a Gwadabawa: An ba mu naman matata a kwalba mu kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Rinin zai nuna inda ciwon ya kai?

Amsa: Malam, rini yana faɗin irin ciwon ne kawai, matakinsa kuwa, daga na ɗaya zuwa na huɗu, sai an duba mara lafiya an kuma ɗauki hoto. Ka tabbatar fomalin ya rufe naman gaba ɗaya, kada a zuba ruwa, kada a sa shi a ƙanƙara, kuma ka kai shi da wuri tare da takardar likita, domin naman da ya bushe ko ya ruɓe ba ya karɓar rini yadda ya kamata, sai an sake yanko wani.